Kunnen Hagu na Inna Hayaniya

A ƙasan kujerar shugaban majalisa akwai wani dogon teburi na katako wanda gefensa ya koɗe saboda gugar gwiwar hannu. A nan masu rubuta bayanan zama suke aiki. Su huɗu ne, suna karɓa-karɓa. Kowa zai yi minti goma sha biyar yana ɗaukar maganar 'yan majalisa da rubutun gaggawa mai alamomi, sannan ya tashi ya ba na gaba wuri, ya sauka ofis ya mayar da abin da ya ɗauka cikakken rubutu a kwamfuta. Abin da suka haɗa shi ne kundin zaman ranar.

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi a wannan teburi. Duk ma'aikatan majalisa Inna suke ce mata, har da mai gadin ƙofa wanda ya ba ta shekara biyar. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kullum da fensir uku a jaka, ta feƙe su tun daga gida. Idan ta zauna, shugaba yana bayanta a sama, ita kuma tana fuskantar zaure. 'Yan jam'iyyar gwamnati suna damanta, 'yan adawa suna hagunta.

Akwai na'urar ɗaukar magana, amma daga makirufon da yake kunne kaɗai take ɗauka, kuma maɓallin kunnawa da kashewa yana gaban shugaba. Da zarar ya kashe wa mutum, kunnen mai rubutu ne kawai ya rage masa. Dokar aikin a taƙaice take. Maganar da ta fita sarai har mai rubutu ya ji, dole ta shiga kundi. Wadda ba ta fita ba, sai a sa kalma ɗaya cikin baka biyu: (hayaniya). Abin da ya sa wannan yake da nauyi shi ne, minista bai zama dole ya amsa komai a rubuce ba sai abin da yake cikin kundi. Jarida tana iya bugawa, rediyo ya yi ta faɗa, amma a wajen majalisa maganar da ba ta shiga kundi ba kamar ba a yi ta ba ne.

A shekarun farko na aikinta ɓangaren hagu bai ba ta wahala ba. Su bakwai ne, daga baya suka zama tara. Su zo su sa hannu, su zauna, ɗaya daga cikinsu ma jarida yake rufa a fuska. Ni da nake ɗauko wa jarida rahoton majalisa, ta taɓa ce min akwai shekarar da duk abin da ta rubuta daga bakinsu bai cika shafi goma ba, kuma rabinsa gaisuwar ta'aziyya ce.

Shekara shida da suka wuce ta yi wani zazzaɓi mai zafi. Ta warke, amma kunnenta na hagu ya riƙa ƙara kamar an bar famfo a buɗe, bayan 'yan watanni kuma ya yi ɗif. Ta je wani asibiti can nesa da unguwarsu, inda ba wanda ya san ta. Likita ya duba ya ce jijiyar ta mutu, ba abin da za a yi. Ta dawo gida ta ɗaura ɗankwalinta yadda ta saba, ba ta gaya wa kowa ba, har maigidanta. Ta san ƙa'ida: wanda jinsa ya ragu ana sauke shi daga teburi, a kai shi ɗakin duba rubutu da ke ƙasa, inda ba taga, sai ƙarar fanka da tarin takardu. Ta ga waɗanda aka kai can, ta ga yadda mutane suke daina tuna su tun ba su bar aiki ba. Ta ce wa ranta ai kunnen da ya mutu ɗin dama ba aiki yake yi ba, tunda masu zama a wajensa ba magana suke yi ba.

Bayan zaɓen da ya wuce 'yan adawa suka zama ashirin da uku cikin sittin, kuma suka fara miƙewa. Shugaba ya fara yawan kai hannu kan maɓalli. Masu ɗaga murya a cikinsu ba su dame ta ba, don muryarsu tana zagayowa ta same ta a kunnen dama. Matsalarta mutum ɗaya ne, wani dogon dattijo siriri da kowa yake kira Hedimasta, saboda shekara ashirin ya yi yana riƙe da makarantar firamare kafin ya shiga siyasa. Shi ba ya ihu. Yadda ya saba yi wa yara magana a aji haka yake yi a zaure, a hankali, yana ƙirge da yatsu. Idan an kashe masa makirufo ba ya ƙara murya, ba ya kuma zama. Inna sai dai ta ga leɓɓansa suna motsi.

Ta haka (hayaniya) ta fara yawa a nata rabon. Hedimasta mutum ne mai karanta kundi da jan biro a hannu, kamar yana makin jarrabawa. Shi ya lura cewa idan sauran ukun ne a teburi maganarsa takan shiga, ko rabi ce, idan kuwa Inna ce sai ta ɓace. Shi ya sa mata Inna Hayaniya, sunan kuma ya bi ta har wurin masu sayar da shayi a bakin ƙofa. Akawun majalisa, wanda shi ne shugabansu a ofis, shi ma ya lura, amma fassararsa daban. Ya ɗauka dattaku ne da sanin ya kamata. Duk ranar da ake sa ran zama zai yi zafi sai ya gyara jadawali ya sa ta a daidai lokacin da 'yan adawa za su yi magana, har yana ce wa matasan su koyi aiki wurin Inna. Ita ba ta ƙaryata wannan ba, ba ta ƙaryata wancan ba. Wata tara ya rage mata ta yi ritaya, kuma burinta duka ta ƙarasa su a kan kujerarta.

Ranar wata Talata aka zo maganar ƙananan asibitocin karkara. Ministan lafiya ya ce guda huɗu kaɗai aka rufe, su ma don suna kusa da babban asibiti ne. Hedimasta ya miƙe da takarda a hannu ya ce zai karanta sunayen garuruwan da aka rufe nasu. Yana faɗin na huɗu shugaba ya kashe makirufo ya ce lokaci ya ƙare. Hedimasta ya ci gaba. Muna benen 'yan jarida muna jin sa sarai, don zauren ya yi tsit, in ban da 'yan gunaguni daga ɓangaren gwamnati. Goma sha bakwai ya lissafa.

Gunagunin nan shi kaɗai ne ya shiga kunnen Inna. Ta ɗaga kai ta ga yatsunsa suna naɗewa ɗaya bayan ɗaya, ya gama hannu biyu ya sake farawa. Ta yi ƙoƙarin karanta bakinsa, amma sunayen garuruwa ne, ba kalmomin da ta saba ba. Fensirinta ya tsaya a iska. Da mintinta goma sha biyar suka cika ta sauka ofis, ta rubuta sunaye huɗu, ta buɗe baka ta sa kalmar da ta saba.

Da aka tashi, Hedimasta ya tare ta a baranda wajen matattakala. Ta zaci faɗa zai yi. Ya gaishe ta da gajiya, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce ya leƙa ofis ya ga daftarin.

"Inna, ni ban damu da sunana ba, na saba da sharewa," ya ce. "Amma gari na goma sha ɗaya can 'yata take aure. Cikinta wata takwas. Jiya a bayan babur aka kai ta awo, tafiyar awa biyu. Ita kika sa a cikin baka, ba ni ba."

Ya ce gobe idan an zo amincewa da kundi zai tashi ya ƙi, ko da ya san ba zai ci nasara ba. Ya yi mata sallama ya wuce. A damanta ya tsaya, don haka ba kalmar da ta kuɓuce mata.

Maigidan Inna gyaran agogo yake yi. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, gilashi a gaba, agogunan bango a jere kowanne da nasa lokacin. Tun suna da ƙuruciya, idan ta taso daga aiki nan take fara biyawa, ta zauna a benci ta cire takalmi, shi ya ƙarasa abin da ke hannunsa, su tafi gida tare a ƙafa. Mai Alƙalami yake ce mata. Ita kuwa Malam take ce masa, sai in ya ba ta haushi ta ce Mai Agogo. Yana da wata ɗabi'a: duk agogon hannun da ya gyara sai ya kara mata a kunne ya ce ta duba masa ko ya tashi, wai kunnen gwamnati ya fi nasa inganci.

Ran nan ta zauna ba ta cire takalmi ba. Ya dube ta ta saman tabarau, ya tambaya ko yau ma 'yan majalisarta sun cinye mata fensir ne. Ba ta yi dariya ba. Ta ba shi labarin zaman, da garuruwa goma sha bakwai, da 'yar Hedimasta a bayan babur. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce akwai abin da ta ɓoye masa shekara shida.

"Kunnen hagu?" ya ce, bai ma ajiye ɗan sukudirebansa ba.

Ta ɗago kai ta dube shi. Ya ce mata ai tun bayan zazzaɓin nan ya sani. Wata rana ya gyara agogon wani direba, yana tafiya ras, ya kara mata a hagu ta ce bai tashi ba. Sai ya koma teburi ya buɗe bayansa, ya yi kamar yana taɓa wani abu, ya dawo ya kara mata a dama, ta ce yanzu ya yi. Washegari ya ɗauke bencin daga wancan gefen ya dawo da shi nan, ya ce mata rana ce take dukan wurin.

Ta tuna. Ta kuma tuna cewa a da, idan suna tafiya gida, shi yake bin gefen titi, a hagunta. Ba ta san ranar da ya koma dama ba. Ta ce masa wato shekara shida yana kallon ta tana wahalar ɓoye abin da ya riga ya sani, bai ji tausayinta ya faɗa ba. Ya ce tausayin ne ya hana shi. Shi a sana'arsa, in mutum bai kawo agogonsa ba, ba a cire masa shi daga hannu.

Ta tambaye shi me za ta yi gobe. Idan shugaba ya nemi bayani, Akawu zai ce mai rubutu ta tabbatar hayaniya ce, magana ta mutu, ita kuma ta ƙarasa watanninta tara lafiya. Ba za ta iya cewa ta ji ba, don ba ta ji ba, kuma ba ta taɓa sa abin da ba ta ji ba a kundi. Malam ya rufe bayan agogon da ke hannunsa, ya goge gilashin da gefen riga. Ya ce shi bai san dokar majalisa ba. Abin da ya sani, ko a wane ɗaki aka ajiye ta, ƙarfe huɗu da rabi bencin nan yana nan. Ya kara mata agogon a dama. Ta ce ya tashi. Suka rufe shago.

Washegari aka buɗe zama da amincewa da kundin jiya, abin da yawanci ba ya ɗaukar minti ɗaya. Akawu ya sa Inna a zangon farko. Hedimasta ya miƙe ya ce bai amince ba, an cire masa sunaye goma sha uku an sa kalma ɗaya. Ɓangaren hagu duka suka miƙe tare da shi, abin da ban taɓa gani ba a shekarun da na yi ina hawa benen nan. Shugaba bai nuna damuwa ba. Ya ce shi ba zai yi gardama da kowa ba, ga wadda ta fi kowa daɗewa a zauren, ta ga shugabanni shida kafin shi, kuma ba a taɓa kama ta da ƙari ko ragi ba. Maimakon ya bi ta kan Akawu, sai ya karkato makirufonsa ƙasa ya tambaye ta da kansa ko maganar mai girma ɗan majalisa ta fita jiya.

Inna ta ajiye fensir ta miƙe. Tsayuwarta da zamanta ba su da bambanci sosai a bayan teburin nan.

"Ranka ya daɗe, ban ji ba," ta ce. Shugaba ya fara gyaɗa kai. "Amma ba hayaniya ce ta hana ni ba. Zauren shiru yake, na gani a fuskokinsu. Kunnena na hagu ne ba ya ji. Shekara shida ke nan. Laifina ne, ba nasa ba."

Akawu ya cire tabarau ya mayar. Hedimasta, wanda bakinsa yake buɗe da shirin amsa, ya rufe shi, ya dubi jan biron da ke hannunsa ya sa a aljihu.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ba a cika taɓa ta ba: idan magana ta ɓace saboda kuskuren mai rubutu, ɗan majalisa yana da damar maimaita ta. Wani daga hagu ya karanto ta. Shugaba ya sunkuya suka yi ƙus-ƙus da Akawu, ya ɗago fuska ba walwala, ya ce a maimaita, amma makirufo ba zai kunnu ba, tunda jiya ma a kashe yake. Akawu ya yafito ɗaya daga cikin matasan ya zo ya karɓi teburi. Inna ta ce masa, a hankali amma an ji, saura mata minti tara a zangonta.

Ta ɗauki kujerarta da hannu biyu. Kujerar katako ce mai nauyi, mai gadin ƙofa ya taho zai taimaka ta girgiza masa kai. Ta zagaya da ita ɗaya gefen teburin, ta ajiye, ta zauna tana fuskantar shugaba, bayanta ga ƙofa. Yanzu 'yan adawa suna damanta. Ta ɗan ja ɗankwali daga kan kunne, ta ɗauki fensir.

Hedimasta ya karanta sunayen daga farko, da muryarsa ta aji. A na goma sha ɗaya ya ɗan tsaya ya yi gyaran murya. Da ya kai ƙarshe ya dube ta ya ce, "Inna, kin samu?" Ta ce sha bakwai. Ya ce sha bakwai ne, ya zauna.

Ranar Litinin aka mayar da ita ɗakin duba rubutu. Ba a tsawata mata ba, ba a kuma gode mata ba. Akawu ya daina yi mata doguwar gaisuwa. Amsar minista ta zo bayan mako uku, shafi biyu, tana cewa ana nazari. An sake buɗe biyu daga cikin asibitocin kafin ƙarshen shekara, na goma sha ɗaya ba ya ciki. 'Yar Hedimasta ta haihu lafiya a babban asibiti, namiji. Shi da kansa ya sauko ƙasa ya nuna wa Inna hoton a waya, ya tsaya yana juya hula a hannu, ya ce ta yafe masa sunan da ya laƙaba mata. Ta ce ya bar shi, ai ya riga ya zauna, ko jikokinta sun fara kiran ta da shi.

A can na same ta, ƙarƙashin fanka, da daftarin matasan a gabanta. Duk inda ta ga (hayaniya) sai ta zagaye da fensir ta rubuta a gefe: wa ya ce me? Ta mayar musu. Suna ƙorafi, amma suna komawa su tambayi juna. Na ce mata mutane suna ta muhawara ko 'yan adawa sun ƙara cire tsoro a 'yan shekarun nan, ita da ta fi kowa kusa me ta gani. Ta ce yawansu dai ya ƙaru, miƙewarsu ma ta ƙaru, wannan ido ya gani. Amma tun yaushe suka fara magana, wannan ba ita za a tambaya ba. Ta ce wani lokacin takan ɗauko kundin shekarun baya ta bi wuraren da ta sa kalmar nan, tana tunanin ko akwai wani mai sanyin murya a cikin tara ɗin nan da ya taɓa faɗin wani abu.

Ƙarfe huɗu da rabi ta tattara fensiranta. Na raka ta har shagon, don hanyata ce. Malam ya rufe gilashi, ya sa kwaɗo, suka kama hanya. Ta ce masa yanzu da kowa ya sani, yana iya komawa gefen titi yadda yake a da, ya tare mata babura, in yana da magana ya ɗaga murya kamar sauran mutane. Ya koma hagun, suka yi taku kamar goma. Sai na ga ya ɗan ja baya, ya zagayo ta bayanta ya dawo dama. Ta tambaye shi lafiya. Ya ce ƙafarsa ce ta saba, kuma akwai labarin wani agogo da yake so ya ba ta.